Fatar da Aka Jeme wa Maraya

Yayana Barmo mutum ne wanda in an ajiye masa tuwo, sai ya fara tambaya ko akwai wani mai ƙafa huɗu da bai ci ba. Ni Lantana, ƙanwarsa, da nake tuƙa tuwon, ni na san takaicin da na sha. A bayan kasuwar Gangara yake da garke, shingen ƙaya ne da 'yan rumfunan kara, kuma duk cikinsa babu dabbar da za a ce tasa ce. Jakin da kaya ya cinye wa baya har mai shi ya sake shi, tunkiyar da ta makance, akuyar da ta ɓace wa 'yan uwanta ranar kasuwa, duk wurinsa ake korowa. Ya ɗaure karaya da kara da tsumma, ya wanke miki da ruwan kanwa, in kasuwa ta ci ya sa a yi cigiya. Mai dabba in ya zo ya faɗi shaidarta daidai, sai ya kama abarsa ya tafi, Barmo ko goro ba ya karɓa. In ba a zo ba, ta zauna nan har kwananta ya ƙare.

Mutanen gari ne ke ciyar da garken. Wannan ta aiko da dusa, waccan da ƙasari, manoma in sun yi girbi su jefo damin harawa ta kan shinge su ce sadaka. Ni kuwa rumfar da nake sayar da fura tana jikin shingen, gidana yana bayanta, don haka duk abin da zai shiga garken nan a kan idona yake shiga. Ana cewa na cika tambaya. To na cika, sai me? Mutum ya ga abu ya yi shiru kamar turmi?

'Yan shekaru bayan an sauke tutar Nasara masu mulkin mallaka a Tanut, lokacin da manyan motoci suka fara yawa a kan hanyar Agadas, wata mota ta firgita wani ayari. Taguwa ɗaya, wato raƙuma mace, ta zabura ta faɗa kwazazzabo ta karye, dole aka yanka ta. Ta bar ɗa ƙarami da ko ciyawa bai fara taɓawa ba. Madugun ayarin ya kawo shi ƙofar garke ya ce wa Barmo, “Wannan ba zai kai Damagaram ba. Na bar maka shi duniya da lahira.” Ya juya ya bi raƙumansa.

Nan fa ake yin ta. Mu mutanen gari ne, raƙumi daga nesa muke saninsa, mu sayi gishirin da ya ɗauko mu ba shi hanya. Barmo ya yi jinyar jakai da awaki har gashinsa ya yi fari, amma ɗan raƙumi bai taɓa riƙewa ba. Na fito na zagaya abin nan ina kallo. Duk jikinsa ƙafa ce da wuya, ga gashin ido wanda babu budurwar Gangara da ke da irinsa. Barmo ya sa masa suna Auta. Ya huda ƙahon saniya, ya ɗaura tsumma a bakin, ni kuma aka mayar da ni mai bin gidaje roƙon nonon akuya.

Auta yana sha, amma nonon ba ya zama a cikinsa, yadda ya shiga haka yake fita. Masu allurar shanu da suka zo daga Tanut suka duba shi suka ce in ba nonon raƙuma ya samu ba, ba zai yi nisa ba. Kullum sai ƙara ramewa yake yi, kullum kuma sai ƙara manne wa Barmo. Ya bi shi rijiya, ya bi shi masallaci ya tsaya a ƙofa yana kuka har a sallame, in ya samu hannun rigarsa ya kama tsotsa. 'Yan kasuwa suka riƙa yi wa Barmo barka da haihuwa. Na ce masa, “Yaya, sabo fa turken wawa ne.” Ya ce in haka ne a bar shi da wautarsa.

Sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Kullum cigiyar mai dabba ake yi, shi kuwa ya sa mai shela ya zagaya kasuwa yana cigiyar uwa: wa ke da taguwar da ɗanta ya mutu? Aka yi ta dariya. Amma magana in ta shiga kasuwa ba a nan take kwana ba, makiyaya suka kwashe ta daga wannan rijiya zuwa waccan.

Wata ranar kasuwa sai ga wata Buzuwa a kan jaki, doguwa, baƙin mayafinta ya rine mata goshi. Ta ce sunanta Raishatu, daga rijiyoyin arewa take, taguwarta ce ɗanta ya mutu. Ta shiga garke ba ta kalli kowa ba sai Auta. Ta buɗe bakinsa, ta auna tsayinsa da hannu, ta sunkuya ta sansana bayansa. Na ce a raina yau ga ikon Allah, sayen turare ta zo yi? Daga nan ta kwance wata jaka ta zaro fata busasshiya, ɗanya ba jima, da gashinta da wutsiyarta da komai. Wari kuwa, wallahi sai da masu shan furata suka ja baya da ƙorensu. Ta yafa wa Auta ita a baya, ta ɗaure ta ƙarƙashin ciki da igiya.

“Baba, kada a cire,” ta ce wa Barmo. “Zan koma in taho da uwar. Tafiyar da nisa, ba ta son barin wurin da ɗanta ya mutu.”

Na tare ta kafin ta hau jaki. “Baiwar Allah, wannan fatar ta mece ce?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta amfanin ruwa. “Ta ɗanta ce,” ta ce, ta buga jakinta ta tafi. Wanda ya tashi cikin abu gani yake kowa ya san shi.

To, ta bar mu da aiki. Rumfata ta koma majalisa. Wani ya ce maganin zawo ne irin na mutanen daji, wani ya ce asiri ne don kada kura ta ji ƙanshin maraya. Ni da kaina na toshe hanci na ɗaga gefen fatar ina neman laya ko wani ƙulli, ban ga komai ba sai ƙudaje. Abin ya tsaya mini a rai har fura na riƙa damawa ba gaya. Barmo shi ya fi kowa sauƙin fassara, ya ce mayafi ne, ta ga yaron ya rame yana rawar jiki da safe, ta rufa masa abin da take da shi.

Ana cikin haka sai ga Yahuza majemi, ɗan kawunmu, taubashina da ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Ya shigo garke da ɗan buhun dusa, sai ya ja birki ya kama hanci.

“Subhanallahi! Me ya mutu a nan?”

Na ce, “Kai! Yau majemi ne ke ƙorafin wari? Lalle gwano ba ya jin warin jikinsa.”

Bai kula ni ba, idonsa na kan fatar. Ya shafa ta, ya lanƙwasa gefenta ta yi ƙara, ya ɗaga ya ga inda busasshen bakinta ya goge wa Auta kafaɗa har ya fara ja, ƙudaje sun taru a kai. Yahuza mutum ne da in ya ga fata a wulaƙance ji yake kamar shi aka zaga. Ya ce wannan cin mutuncin fata ne, kuma cin zalin maraya.

“Ta ce kada a cire,” in ji Barmo.

“Haba Yaya Barmo, ai ba hana shi zan yi ba. Gyara zan yi in maido kafin ta dawo. Su can daji ina suka ga kwatarniyar jima? Baƙuwa ta yi maka alheri da abin da ta samu, bari ta dawo ta tarar an girmama kyautarta. Sadakata ke nan ga garke.”

Barmo ya dubi mikin kafaɗar nan, sannan ya kwance igiyar da hannunsa. Da aka tafi da fatar kuma ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke Auta tas don ƙudaje su bar shi. Ni haushina ɗaya, an ɗauke abin kafin in gane kansa.

Gaskiya dai gaskiya ce, Yahuza ya iya aikinsa. Da ya maido fatar nan, sai da kasuwa ta taru. Ya jeme ta da gashinta kamar buzun salla, ta yi laushi kamar tsohon zane, ta sha bagaruwa da man gyaɗa tana ƙamshi. Ya datse gefunan sun daidaita, har maɗauri ya yi mata na jar fata. Aka yafa wa Auta, kowa na cewa masha Allah. Sai dai wanda aka yi wa kwalliyar a lokacin ko tashi ba ya iya yi sai Barmo ya tallafe shi ta ƙirji.

Ran da Raishatu ta dawo, tun daga nesa muka ji kukan taguwar. Ba irin rurin raƙuman ayari ba ne, wani kuka ne ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, ni da na taɓa binne ɗa na san shi. Babba ce, fara, hantsarta ta kumbura har tana tafiya a buɗe. Raishatu ta ɗaure akalar a jikin shinge ta shiga. Da ta ga Auta sai ta tsaya cak. Ta taɓa fatar, ta kai ta hanci, ta juya ɗaya gefen ta sake sansanawa. Sai ta zauna a ƙasa daɓas.

“Wa ya yi wannan?”

Yahuza ya matso yana gyara hula. “Ba komai, 'yar uwa, kada ki yi godiya. Don Allah na yi.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta yi magana a hankali, da 'yar Hausarta ta kasuwa, yadda ake yi wa yara bayani. Ta ce taguwa ba da ido take sanin ɗanta ba, da hanci ne. In ba ta ji warinsa ba, ba ta sakin nono, ko ga wani ɗa, ko ga mai tatsa, sai dai ya ƙafe a jikinta. Shi ya sa in ɗa ya mutu ake feɗe shi a shanya fatar yadda take, ba ruwa ba komai, a ɗaura wa maraya har warin ya kama jikinsa, uwar ta ɗauka nata ne ya dawo. Ta ɗaga gefen fatar ta sake shi. “Duk duniya nan kaɗai warin ɗanta ya rage. Kun wanke.”

Ashe! Ga amsar da na yi ta nema, ta zo lokacin da ba ta da daɗin ji. Na dubi Yahuza na ce, “To gwani, ka ji. Garin neman gira an rasa ido.” Ban ƙara ba, don fuskarsa ta riga ta yi abin da bakina zai yi.

Duk da haka aka gwada. Barmo ya tallafo Auta, Raishatu ta jawo taguwar. Ta miƙo dogon wuyan nan ta sansana fatar Yahuza, ta yi atishawa, sai ta kai wa Auta bangaza da kai ya zube can gefe. Barmo ya ruga ya ɗora kansa a cinya yana kiran sunan Allah. Na ga mutuwa a idon ɗan raƙumin nan ƙiri-ƙiri.

Raishatu ta kwance fatar tana jujjuya ta a hannu kamar mai neman ƙwarƙwata. Can ta ɗago. “Ina wutsiyar? Da wutsiya na kawo ta.”

“Wutsiya?” in ji Yahuza. “Ai majemi ba ya jiƙa wutsiya. Tun kafin fata ta ga ruwa muke yanke ta mu jefa kan shinge.” Bai rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa. Jama'a, ƙaton mutum mai jikoki ya tattare riga ya ratsa kasuwar Gangara da gudu! Ni ma na bar fura a buɗe na bi shi, yo wa zai zauna a ba shi labari?

Shingen majema abin kallo ne ga wanda zuciyarsa ke da ƙarfi. Kunnuwan awaki, wutsiyoyin tumaki, guntayen fatar ƙafa, duk sun bushe a kan ƙaya, abin da ungulu da karnuka suka rage. Yahuza ya cusa hannu har kafaɗa yana zarowa yana yarwa, ƙaya na yagarsa ko a jikinsa. Ni ina gefe ina tambaya, wannan ce? Waccan fa? Ya ce in yi masa shiru don girman Allah. Can ƙasa, inda ta zame ta maƙale tsakanin rassa, ya zaro wata 'yar gajeriya mai faɗi da gashi gefe da gefe. Ya sansana ta, ya yamutsa fuska, sai ya yi dariya.

Raishatu ta karɓa. Ta goga wutsiyar nan a bayan Auta, da wuyansa, da goshinsa, sannan ta ɗaure ta a kan tasa wutsiyar. Ta tari fitsarin taguwar a ƙwarya ta shafe shi da shi, duk wankan sabulun Barmo ya tashi a banza. Aka sake jawo uwar. Wannan karon da hancinta ya kai kan wutsiyar sai kukan nan nata ya tsaya. Ta sansana, ta ɗaga kai sama, ta sake sunkuyowa. Ba ta bangaje shi ba.

Amma Auta bai manta faɗuwar ɗazu ba. Ya ja jiki yana tangaɗi ya je ya cusa kai a hammatar Barmo, ya kama hannun rigarsa. Taguwar ta biyo shi da hanci, ta ci karo da warin mutum, ta janye. Aka raba su aka sake, ya sake komawa. Aka kuma, haka dai.

Raishatu ta saki akala ta zo gaban Barmo. “Baba, yanzu ba fata ba ce, kai ne. Yana da uwa, shi ya sa ba ya neman wata. Ka tafi inda ba zai gan ka ba, ba zai ji muryarka ba.”

“Har ya kama nonon?”

“Har mu tafi. In ya kama, zan zauna ya yi ƙarfin tafiya, sannan in wuce da su. In ya sake ganinka zai sake ta, ita kuma ba ta karɓa sau biyu.”

“Ko sallama?”

“Ko sallama.”

Barmo ya dubi kan da ke hammatarsa. Ya zare hannun rigarsa daga bakin Auta a hankali, ya miƙe, ya shige gidana. Ni kuma na ɗauki ludayi na kore 'yan kallo kaf, har Yahuza, na shiga na ja ƙyaure.

Auta ya fara kuka. Wayyo, kukan nan! Barmo na zaune a kan turmi, ya haɗa kai da gwiwa. Ya zabura zai fita, na tare ƙofa na ce sai dai ya bi ta kaina. Akwai wata 'yar kafa a zanan da ya raba gidana da garke, wadda ba yau na fara amfani da ita ba, nan na liƙa ido. Rana ta take, aka kira azahar, kukan na nan. Barmo ya yi salla a tsakar gida, ban san abin da ya karanta ba. Inuwa ta fara tsawo, kukan ya riƙa raguwa, yana fita da ƙyar kamar na jaririn da ya gaji. Wajen la'asar sai ya ɗauke ɗif.

“Lantana,” in ji Barmo. “Ya mutu ko?”

Na duba. Taguwar na tsaye ta buɗe ƙafafu, ta lanƙwaso wuya ta ɗora hanci a kan wutsiyar nan. Auta kuwa kansa ya ɓace a ƙarƙashinta, ƙafafunsa na rawa, farin kumfa na gangarowa ta wuyansa yana ɗiga a ƙasa.

“Yaya, sha yake yi.”

“Sosai?”

“Har yana zuba. Zo ka leƙa, ba zai gan ka ba.”

Ya taso, ya kusa kai wa zanan, sai ya tsaya. “Iska daga nan take busawa, zai ji warina. Ke dai ki riƙa faɗa mini.”

Haka muka zauna kwanaki. Mai garke ya zama ɗan kulle a gidan ƙanwarsa, ko tari zai yi sai ya shige ɗaki ya toshe baki. Ni da Yahuza muka koma masu ba jakai dusa da wanke miki, muna yi muna faɗa. Duk shigowata sai an yi mini tambayoyi, ni da aka sani da yi wa mutane: ya tashi da kansa? Zawon ya tsaya? Kafaɗar ta bushe? Na ce ya tashi, ya tsaya, ta bushe, har tsalle ya fara yi yana tsorata makauniyar tunkiya.

Da Auta ya yi ƙarfi, wata rana da hantsi suka tafi. Raishatu ta zo bakin ƙyaure ta yi godiya ƙasa-ƙasa, Barmo ya amsa mata da kai daga ciki. Na raka su har bayan gari, na tsaya ina kallo. Jaki a gaba, taguwa a baya, Auta na gefenta yana gogar ƙafarta, har suka shige cikin ƙayoyin hanyar arewa.

Na dawo na tarar da shi tsaye a tsakar gida inda na bar shi.

“Sun wuce garke?”

“Sun wuce.”

“Da ya zo daidai ƙofa, ya tsaya? Ya waiwayo?”

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Amma ya kafe ni da ido.

“Bai waiwayo ba, Yaya. Ko sau ɗaya.”

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “To zai rayu.” Sai ya zauna a kan turmi, ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kukan da ban taɓa jin ya yi ba tun muna yara.